Layin da Ruwa Ke Zuwa Babu Hadari

An ɗage ɗaurin auren Malama da Mai Sanyi, kuma ba a sa wata ranar ba. Ba faɗa aka yi ba, ba kuma wani aibu aka tono a dangin ɗayansu ba. Ruwa ne ya ɗage shi, ruwan da bai wuce ƙwauri ba, wanda ya cika wani layi a birnin bakin teku da yammacin wata Talata, alhali sama tana tas babu ko alamar hadari.

Mutum huɗu ne daga cikin masu ruwa da tsaki suka gan shi da idonsu: Malama, gwaggonta, Mai Sanyi, da ƙanin mijinta marigayi, wanda kowa ke kira Baffa tun ranar da 'yarta ta fara magana. A cikinsu Baffa kaɗai ya ciro waya ya ɗauka.

Malama tana koyar da 'yan aji uku a wata firamare, a garin da ke tafiyar yini guda daga teku. Mijinta ya rasu 'yarsu tana rarrafe. Ta gama takaba a gidan surukarta, Inna, ba ta kuma fita ba, don Inna ba ta iya rabuwa da jikarta, ita ma ba ta iya rabuwa da 'yarta. Yarinyar sunan Inna ta ci, shi ya sa duk gidan Takwara ake ce mata. Yanzu tana cikin shekara ta shida, haƙoranta na gaba sun fita.

Gidan Inna cike yake da mutane. Duk da haka Malama takan dawo daga makaranta ta wuce ɗakin ƙarshen baranda, ta zauna duba littattafan yara har magariba. In ana hira a tsakar gida ta fito, sai a sassauta murya. Ba ƙinta ake yi ba. Tausayinta ake ji har yanzu, kuma mutum ba ya sakin dariya sosai a gaban wanda yake tausayi.

Mai Sanyi gyaran firji yake yi. Sun daidaita da Malama ba tare da surutu ba, magabata suka zauna, aka sa rana. Ana cikin haka wani kamfanin kifi a bakin teku ya ɗauke shi kula da injinan ɗakunan sanyinsa. Daga nan maganar ta canza.

Inna ta kira Malama ɗakinta bayan la'asar.

"Aure ban hana ki ba," ta ce. "Ke yarinya ce, ba zan zaunar da ke ki tsufa a gefen tabarmata ba. Amma Takwara ba kaya ba ce da za a ɗaure a saman mota."

"Inna, ba zan iya tafiya in bar ta ba."

"Ni zan iya zama babu ita? Ita ce kaɗai abin da ɗana ya bar min."

Malama ta sunkuyar da kai. Inna ta daɗe tana jan carbi kafin ta ci gaba.

"Mai Sanyi ya nemo gida. Ba gida kawai ba, unguwa. Inda yaro zai fita da ƙafarsa ya dawo da ƙafarsa. In an je an gani an ce min ya yi, ki tafi da ita, in haɗiye. In bai yi ba, ki tafi ke ɗaya, ko ki zauna."

"Wa zai je ya gani, Inna?"

"Baffanta."

Babu wanda bai san abin da ke ran Baffa ba. Lokacin da yayansa ke raye, "matarmu" yake ce wa Malama, ya cinye mata abinci ya gudu tana jifansa da mafici. Bayan takaba ya aika Inna ta gaya mata cewa wasan nan, in ta yarda, a mai da shi gaskiya, yarinya ta tashi a gidan ubanta. Malama ta ce ta gode. Tun daga ranar "Maman Takwara" yake ce mata, kuma ba ya shiga ɗakin ƙarshen baranda. Yana sayar da siminti da bulo a bakin kasuwa, bai kuma yi aure ba.

*

Kamfanin kifin yana ba da hutun yini ɗaya bayan kowane sati biyu. Sauran ranakun Mai Sanyi yana cikin ɗakunan sanyi daga safe zuwa magariba, cikin riga mai kauri da safar hannu, inda babu taga. Yana kwana a ɗakin ma'aikata da mutanen da ba ya jin yarensu. Ya yi watanni a birnin bai taɓa tsayawa ya kalli teku ba sai ta tagar bas.

Ranakun hutun nan ya ƙarar a neman unguwa. Ya ga wata kusa da tashar jiragen ruwa, inda manyan motoci ke jerin gwano, hayaƙi ya baƙanta labulen kowa. Ya ga wata bayan kasuwa, inda kiɗa ba ya tsayawa. Dillali ya kai shi wata a kan tudu, gidaje masu dogayen katangu da waya a samansu. Ya tsaya a titin ya daɗe, bai ga yaro ko ɗaya ba. Ya yi sallama a wata ƙofa, kare ya amsa.

Sai ya faɗa wani layi a gefen birni. A ranar bai iya jira ya isa ɗaki ba, daga tashar bas ya kira Malama.

"Na samu. Makaranta tana ƙarshen layin, ba a tsallaka titi. Akwai ƙaramin asibiti a bayanta. Mota ba ta shiga. Na yi sallama, sai da na rasa wa zan fara gaisarwa."

"Mai gidan fa?"

"Wata dattijuwa ce, Uwar Layi suke ce mata. Mutuniyar wajenmu ce, ta zo tana amarya ta tsufa a nan. Kuma kin san wani abu? Kowace ƙofa dokinta ya kusa kai gwiwa. Yaro mai rarrafe ba shi da hanyar fita sai an ɗauke shi. Mutanen nan sun san darajar yara."

"Takwara ta wuce rarrafe."

"Ai ba ita kaɗai nake tunani ba."

Malama ta gane nufinsa, ta ce ya ci gaba. 

Ya gaya mata an jera bulo a gefen layin daga farko har ƙarshe, yara suna tsalle a kai. Ya gaya mata ya tambayi ruwan sama, an ce ko an kwana ana yi, kafin hantsi ƙasa ta shanye. Gaskiya aka gaya masa. Ya duba abin da mutumin garinsu ke dubawa: rufi, rijiya, maƙwabta, nisan masallaci. Ya koma layin sau da dama, kullum ranar hutunsa, kullum ya tarar da shi a bushe.

A satin Malama ta sayi akwati ta shirya wa Takwara sababbin kayan tafiya, ta ɗaure da igiya, ta tura ƙarƙashin gado.

*

Baffa ne ya zaɓi ranar zuwan, don ta dace da hutun tsakiyar zango na makarantar Malama. Ba ta dace da hutun Mai Sanyi ba, sai ya roƙi abokin aiki suka yi musaya. Malama da gwaggonta suka bi Baffa, Takwara ta tsaya wajen Inna. Tun da aka haife ta, wannan ne karon farko da za su kwana ba ɗaki ɗaya da uwarta ba.

Gwaggo ta zauna tsakaninsu a mota, ta yi barci tun kafin a fita gari. Inda aka tsaya salla, Baffa ya miƙa wa Malama ruwa.

"Kin san ban nemi a aike ni ba."

"Na sani."

"Abin da na gani shi zan faɗa."

"Shi nake tsoro. Da maƙaryaci ne kai, da na san yadda zan yi da kai."

Ya kusa yin dariya irin ta da, sai ya fasa.

Sun kwana a masauki, washegari bayan azahar Mai Sanyi ya zo ya tafi da su. Ya rame, ya yi haske irin na wanda rana ba ta gani. Ya gaida Gwaggo a durƙushe. Shi da Baffa suka yi musabaha mai tsawo, kowa yana tambayar aikin ɗan uwansa ba tare da jin amsar ba.

Layin ya yi daidai da yadda ya faɗa. Mata suna zaune a ƙofofi suna tsintar shinkafa, tela yana taka keke a rumfarsa, wani tsoho yana gyaran raga a kan cinyarsa. Kafin su kai tsakiya an yi musu sannu da zuwa da yare uku. Malama ta ji ƙafarta tana rage sauri da kanta.

A ƙofar gidan da Mai Sanyi ya samu, Gwaggo ta tsaya ta kalli dokin ƙofar.

"Ɗan nan, wannan ƙofa ce ko katanga? Ai sai ka haɗa min da tsani."

"Saboda yara ne, Gwaggo."

"Tsofaffi kuma su kwana a waje."

Ɗaki biyu ne da falo, da ƙaramar tsakar gida mai bishiyar kwakwa. Malama ta shiga ƙaramin ɗakin ta tsaya a taga. Daga nan ana hango ƙofar makaranta. Ta auna inda gadon Takwara zai zauna da idonta.

Baffa bai kalli taga ba, bango yake kallo.

"Me ya sa soket ɗin lantarki suke sama haka, daidai kafaɗa?"

"Saboda yara," in ji Mai Sanyi. "Kar su sa hannu."

Baffa ya gyaɗa kai. Ya fita waje ya tsuguna a gindin katanga, inda wani farin zane ya bi bangon gidajen layin kaf a tsayi ɗaya. Ya kankare shi da mukulli, ya taɓa a harshe. Ya miƙe ya goge hannunsa a riga.

La'asar ta ɗan gota aka fara buga ƙarfe a ƙarshen layin.

Babu wanda ya yi gudu. Mata suka naɗe tabarmi, suka ɗauke murhun gawayi suka shigar. Tela ya ɗora kekensa a kan teburi. Maza suka fito da dogayen katakai daga lungu suka shimfiɗa su a kan bulon nan da aka jera, ɗaya yana kama ɗaya har ƙofar makaranta.

"Biki ake yi?" Gwaggo ta tambaya.

Mai Sanyi bai sani ba.

Ruwan daga ƙasa ya fito. Ya ɓuɓɓugo ta ramukan kwata a hankali, babu ƙara, ya bazu a kan ƙasa kamar an ɓarar da tulu. Ya haɗe daga ɓangarorin biyu a tsakiyar layin. Ya rufe idon sawu, ya ci gaba. Warin gishiri da laka ya tashi. Wani silifas ya wuce yana juyawa, ƙananan ƙaguwoyi suna bin gefen bango.

Gwaggo ta ɗaga kai ta duba sama, ta sake dubawa.

"Ni dai ban ga hadari ba."

Aka buɗe ƙofar makaranta. Yara suka fito a jere a kan katakan, jakunkuna a ka, manyan suna riƙe da hannun ƙananan. A kowace ƙofa akwai babba a tsaye. Wata mata da goyo ta sunkuci wani ɗan ƙarami a hammata ta dire shi a gidan da ba nata ba, ta koma ɗauko wani.

A lokacin Baffa ya ciro waya.

Wata yarinya, tsarar Takwara, ita ma da giɓi a gaba, ta juya tana yi wa ƙawarta magana. Ƙafarta ta zame. Ta faɗa ruwan a zaune, ya kai mata ƙirji, jakarta ta nutse. Malama ta riga ta ɗora ƙafa a kan dokin ƙofa, amma tela ya riga ta. Ya diro da wandonsa da komai, ya ɗaga yarinyar sama, ya tsamo jakar da ɗaya hannun. Yarinyar ta buɗe baki za ta yi kuka, ya faɗa mata wani abu, sai ta ɓuge da dariya. Wata mata ta miƙo zane daga taga.

Uwar Layi ta tako kan katako da sandarta ta zo ta same su. Ta ga fuskar Mai Sanyi ta tsaya.

"Lafiya, ɗana?"

"Mama, wannan mene ne?"

"Babban ruwa mana. Duk cikar wata da duk tsayuwarsa teku kan cika ya turo ta kwata. Kwana biyu ko uku, safe da yamma. Ya ɗan zauna ya koma." Ta kalle shi da kyau. "Na ɗauka ka sani. Dokin ƙofar nan ka tsallake shi sau nawa?"

"Kullum na zo a bushe nake tarar da layin."

"Yaushe kake zuwa?"

"Ranar hutuna. Sati biyu-biyu."

Tsohuwar ta ɗan yi tunani.

"Shi ma sati biyu-biyu yake zuwa. Saɓani kuka dinga yi."

Baffa ya sauke wayar amma bai kashe ba.

"Mama, ya taɓa cin yaro?"

"A layin nan, tun zuwana, a'a. Ya ci takalma, ya ci kaji, ya ci ƙafafun gadona. A layin baya ya taɓa, da daɗewa, kafin a rataya ƙarfen nan da kuka ji. Ba zan ɓoye maka ba."

"Na gode, Mama."

*

Gwaggo ta bi Uwar Layi shan shayi, tana cewa in za ta nutse gara ta nutse da ɗumi a cikinta. Baffa ya taka katako zuwa ƙarshen layin. Aka bar Mai Sanyi da Malama a bakin ƙofa, shi yana zaune a kan dokin, ita tana tsaye daga ciki, ruwa yana lasar siminti a waje.

"Na cuce ki," ya ce.

"Ba ka cuce ni ba. Da idon garinmu ka duba."

"Komai yana gabana. Bulo, soket, zanen bango. Duk abin da na gani sai in ce don yara ne. Ashe abin da nake so in gani nake gani." Ya murza fuskarsa da tafin hannu. "Kullum in na fito daga ɗakin sanyi hannuna ba ya jin komai, sai in tuna tagar nan, in ce can za ta tsaya ta hango Takwara tana dawowa. Da shi nake ɗumama jikina."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

"Akwai gidan da na gani a kan tudu," ya ce. "Dillali ya ce har yanzu ba a kama ba. Can a bushe yake."

"Wa zai amsa min sallama a can?"

"Akwai mai gadi."

"Za ka shiga ɗakin sanyi da safe ka fito da magariba. Ni da Takwara mu zauna bayan katanga muna sauraren karnuka. Na yi shekaru a ɗakin ƙarshen baranda. Kana ganin zan yi tafiyar yini guda don in shiga irinsa?"

"Amma wataƙila Inna ta yarda da shi."

"Na sani. Shi ya sa nake kuka."

Ya ɗago ya kalle ta.

"Ka ga yarinyar nan da ta faɗi?" ta ce. "Zuciyata ta tsinke, na ga Takwara. Sai kuma na ga telan. Tun da baban Takwara ya rasu ban ga an yi tsalle don 'yar wani haka ba. Ban san wanne zan riƙe a cikin biyun ba."

"In ta hana ki ita fa?"

"Ba zan zo ba."

"Ko don ni?"

"Kar ka tambaye ni abin da ka san amsarsa. Za ka ji zafi, ni ma in ji."

Bai ƙara tambaya ba. Suka zauna suna kallon ruwan har ya fara ja da baya ta ramukan da ya fito. Kafin magariba maza sun kwashe katakan, mata sun share laka, an mayar da tabarmi. Tela ya sauke kekensa ya ci gaba da ɗinki da jiƙaƙƙen wando.

Da safe Baffa ya ce sai ya ga na kan tudun kafin su tafi. Suka je. Titin fes, babu ɗigon ruwa. Mai gadi ya ce makaranta tana bayan babban titi, yaran unguwar a mota ake kai su. Baffa ya tambayi inda suke wasa. Mai gadi ya ce a cikin gida. Nan ma ya ɗauka da waya: katanga, ƙofa, katanga.

A hanyar dawowa, Gwaggo tana barci, Malama ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Baffa, za ka nuna wa Inna?"

"Kina so in goge?"



"In na ce ka goge, za ka goge?"

"Zan goge. Amma in wani abu ya sami Takwara a ruwan nan, ni da ke ba za mu ƙara iya haɗa ido ba."

"Kar ka goge. Ka nuna mata duka, kar ka yanke ko'ina."

"Ba zan yanke ba." Ya kalli hanya. "Maman Takwara, kin san in kika zauna…"

"Na sani, Baffa."

"Ban ƙarasa ba."

"Shi ya sa na tare ka."

*

Inna ta karɓi wayar ta miƙar da hannu nesa da idonta. Takwara tana makaranta. Malama tana durƙushe kusa da ƙofa, Baffa a tsaye.

Ta kalli ruwan yana fitowa daga ƙasa, ta kalli yaran a kan katako. Inda yarinyar ta zame, carbin ya tsaya a hannunta.

"Wannan da ya ɗauke ta, ubanta ne?"

"Tela ne, Inna."

"Ɗan uwansu?"

"Ba su haɗa komai ba. Ko yarensu ba ɗaya ba ne."

Ta kalli na kan tudun ma, ta miƙa masa wayar tun bai ƙare ba.

"Wannan gida ne ko ma'ajiya?"

Baffa ya faɗi sauran, bai rage ba bai ƙara ba: makaranta, asibiti, ƙarfen da ake bugawa, da abin da Uwar Layi ta ce game da layin baya.

"Kai me ka gani?" Inna ta tambaye shi.

"Na ga ruwa, na ga mutane."

"Ba wannan na tambaye ka ba. Ya yi ko bai yi ba?"

Malama ta ɗago ta kalle shi. Kalma ɗaya ta ishe shi ya tsayar da ita a gidan.

"Da 'yata ce," ya ce a hankali, "da ban san abin da zan yi ba, Inna. Kuma 'yata ce."

Inna ta juya wajen Malama.

"Ki yi aurenki ranar da aka sa. Takwara tana nan."

"To a ɗage, Inna."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

"Kina ganin mugunta nake miki."

"A'a, Inna."

"Ba sai kin faɗa min abin da ke ranki ba, na san shi. Nawa ɗan a busasshiyar ƙasa ya tafi, a kan gadonsa, ina riƙe da hannunsa. Ban iya tare komai ba." Ta ajiye carbin. "Amma wancan ba ni na kai shi ba. Wannan in na ce to, da bakina na kai ta."

Malama ta matso ta dafa ƙafarta. Suka yi kuka tare, kowace da nata. Baffa ya fita ya ja musu ƙofa.

Da yamma Inna ta aika aka ɗauko akwatin Takwara daga ƙarƙashin gadon Malama aka kai ɗakinta. Malama ba ta hana ba. Ta koma ɗakin ƙarshen baranda ta buɗe littattafan 'yan aji uku. A tsakar gida an sassauta murya.

Mai Sanyi ya kira bayan magariba. Ta gaya masa, ya ce to. Ya ce ya nemi a sauya masa ranar hutu ta koma ranar babban ruwa, don ya tsaya a layin ya ga iyakar inda yake kaiwa da idonsa, ya kuma koyi shimfiɗa katako. Ya ce Uwar Layi za ta riƙe masa gidan zuwa tsayuwar wata. Bayan nan akwai wasu masu yara da ke jira, ba za ta iya hana su ba.

Baffa ya ce tun daga ranar, kullum ya shigo gaida Inna sai ta miƙo hannu ya ba ta wayar. Wuri ɗaya take sa shi ya mayar mata, daga inda yarinyar ta juya zuwa inda aka miƙo zane ta taga.  Bai san faɗuwar take kallo ba ko telan.

Wata ya fara raguwa. Akwatin yana gefen gadon Inna, kuma igiyar tana nan yadda Malama ta ɗaure ta.